Waiwaye: Haikalan birnin Varanasi da asalin rikicin masallacin Gyanvapi

A tsakiyar tsohon birnin Varanasi, a jihar Uttar Pradesh ta arewacin Indiya, akwai gine-gine biyu da shingen ƙarfe kaɗai ya raba. Ɗaya shi ne haikalin Kashi Vishwanath mai hasumiyar zinariya, wanda yake cikin wuraren bautar da mabiya addinin Hindu suka fi girmamawa. Ɗayan kuwa masallacin Gyanvapi ne mai fararen ƙubbobi uku, inda Musulmin birnin ke sallah sama da shekara 300. 'Yan sanda ɗauke da bindigogi ke gadin wurin dare da rana, kuma tun 1991 ake tafka shari'a a kan filin da masallacin yake kai. Mai son gane kan wannan shari'a sai ya koma baya sosai, domin labaran da mahajjatan Hindu ke bayarwa da gine-ginen da ke tsaye ba shekarunsu ɗaya ba.

Sunaye uku ake kiran birnin da su har yau: Kashi, Banaras da Varanasi. Yana gaɓar kogin Ganga ta yamma, daidai inda kogin ya lanƙwasa ya nufi arewa, tsakanin ƙananan koguna biyu, Varuna da Assi. Tonon da masana suka yi a Rajghat ya nuna cewa mutane na zaune a wurin tun wajen shekara 800 kafin haihuwar Annabi Isa. A Sarnath, kimanin kilomita 10 daga nan, Buddha ya yi wa'azinsa na farko. Amma baƙon da ya je neman gini mai shekara 2,000 zai dawo bai gani ba. Yawancin haikalan da ake gani yanzu, da jerin matakalan dutse sama da 80 da ke gangarawa cikin kogin, daga ƙarni na 18 aka gina su, da dukiyar sarakunan Maratha, wato sarakunan Hindu na yammacin Indiya, da wasu sarakuna da attajirai. Wanda aka fi nunawa a matsayin mafi tsufa shi ne ƙaramin haikalin Kardameshwar da ke Kandwa a bayan gari, wanda ake dangantawa da ƙarni na 12.

Abin da ya riƙe birnin duk tsawon wannan lokaci labaransa ne. A imanin mabiya Hindu, wata rana biyu daga cikin manyan abubuwan bautarsu, Brahma da Vishnu, sun yi gardama kan wanda ya fi wani. Sai Shiva ya bayyana a tsakaninsu a siffar ginshiƙin haske marar farko marar ƙarshe, ya ce kowa ya je ya nemo iyakarsa. Vishnu ya rikiɗa ya zama gadu ya yi ta haƙa ƙasa, ya gaji ya dawo ya amsa cewa bai kai ba. Brahma ya tashi sama a siffar tsuntsu, shi ma bai kai ba, amma ya dawo ya yi ƙarya, har ya kawo wani fure a matsayin shaida. Saboda wannan ƙarya, in ji labarin, aka hana shi samun masu bauta masa, shi ya sa haikalan Brahma ba su da yawa a Indiya. Wurare 12 ne ake cewa wannan haske ya bayyana a cikinsu, kuma Kashi na ciki.

Daga nan sauran labaran suka yi rassa. Suna cewa birnin ba a kan ƙasa yake ba, a kan tsinin mashin Shiva mai baki uku yake zaune, don haka ko duniya ta tashi ba zai halaka ba. Suna cewa wanda ya mutu a cikinsa ya tsira daga maimaita haihuwa da mutuwa, domin Shiva da kansa yake raɗa masa kalmar tsira a kunne. Wannan imani ne ke sa tsofaffi daga ko'ina a Indiya su tattara ya-nasu-ya-nasu su zo su kama ɗaki suna jiran ajali, kuma shi ya sa wutar ƙona gawa ba ta mutuwa a matakalar Manikarnika. Ita ma matakalar da nata labarin: Vishnu ya haƙa tafki a wurin ya cika shi da guminsa, sai ɗan kunnen Shiva, ko na matarsa Parvati a wata ruwayar, ya faɗa ciki.

Kusa da nan akwai haikalin Ratneshwar, wanda ya karkace har kamar zai faɗi, kuma ruwan kogi ke shanye ƙasansa watanni da dama a shekara. Masu kwale-kwale kan ba baƙi labari cewa wani mutum ne ya gina shi don mahaifiyarsa, da ya gama sai ya yi alfahari cewa ya biya ta bashin haihuwa da reno. Nan take ginin ya karkace, domin ba a biyan uwa. Masana gini za su ce laka ce ta gaɓar kogi ta kasa ɗaukar nauyin dutse, kuma haka ne, amma a ganina irin wannan labari ne ke sa mutum ya fahimci yadda mazauna birnin ke kallon gine-ginensu: kowane bango akwai abin da yake koyarwa.

Tsarin ginin da ya fi yawa shi ne na arewacin Indiya, wanda ake kira Nagara. Zuciyar haikali wani ɗan ɗaki ne mai kusurwa huɗu, mai duhu, ba taga, inda ake ajiye abin bauta. A haikalan Shiva mulmulallen dutse ne da ake kira linga, wanda masu ziyara ke zuba wa ruwan Ganga da madara da ganye. A saman wannan ɗaki ne hasumiya ke tashi, tana tsukewa a hankali, an jera mata ƙananan hasumiyoyi a jiki don ta yi kama da tsaunin da suke cewa Shiva na zaune a kai. A ƙololuwa akwai faifan dutse mai tsaga-tsaga, sannan tulu. Gaban ɗakin kuma zaure ne mai ginshiƙai inda jama'a ke tsayawa. Da dutsen yashi na Chunar, wanda ake saro shi kusa da birnin, aka yi yawancin aikin. Kashi Vishwanath ɗin kansa ba wani ƙaton gini ba ne, hasumiyarsa ba ta wuce mita 15 da 'yan kai ba, kuma a kan zaurensa akwai ƙubba irin wadda magina suka saba yi a zamanin Mugal, daular sarakunan Musulmi da ta mulki Indiya. Da yake sarakuna daga nesa ne suka yi ta gini a birnin, kowa ya zo da salon ƙasarsa: haikalin Durga ja wur wanda ake dangantawa da wata sarauniya daga Bengal, haikalin mutanen Nepal na katako da jan bulo a matakalar Lalita, da na Kedareshwar mai zanen ja da fari irin na kudancin Indiya.

Dalilin da ya sa gine-ginen ba su kai labaransu tsufa ba shi ne an sha rushe su. A 1194 rundunar Muhammad na Ghor ta ci Sarki Jayachandra da yaƙi, aka ruguza haikalai da dama a birnin. An sake ginawa, an sake rushewa. Wajen 1585, a zamanin Sarki Akbar na daular Mugal, wani malamin Hindu mai suna Narayana Bhatta ya jagoranci gina babban haikalin Vishwanath da tallafin gidan Todar Mal, ministan kuɗin Akbar. Wato a ƙarƙashin sarki Musulmi aka gina shi. A 1669 jikan ɗan Akbar, Aurangzeb, ya ba da umarnin rushe shi, kuma marubutan tarihin fadarsa sun rubuta haka. A kan harsashinsa aka gina masallacin Gyanvapi, kuma har yau bangon masallacin na yamma da sassaƙen tsohon haikalin a jikinsa.

Masana tarihi sun rabu kan dalili. Wasu na cewa tsananin ra'ayin addini ne. Wasu na cewa hukuncin siyasa ne a kan manyan yankin da ake zargi da tawaye da kuma taimaka wa Shivaji, jagoran Maratha kuma abokin gaban Aurangzeb, tserewa daga Agra a 1666, suna kuma kafa hujja da wata takardar umarni ta 1659 inda Aurangzeb ɗin ya hana a taɓa tsofaffin haikalan Banaras ko a takura wa malamansu. Ko ma mene ne dalilin, rushewar ta faru, kuma musun ta ba ya taimakon kowa.

A nan ma labarin baka ya shigo. Tsakanin gine-ginen biyu akwai rijiyar da masallacin ya samo sunansa daga gare ta, ana kuma cewa babban malamin haikalin ya jefa linga a cikinta don kada maharan su same shi. A 1780 Ahilyabai Holkar, sarauniyar Indore, ta gina haikalin da ake gani yanzu, a gefen masallacin, ba ta taɓa shi ba. A shekarun 1830 Ranjit Singh, sarkin Punjab, wanda shi mabiyin addinin Sikh ne, ya ba da zinariyar da aka lulluɓe hasumiyar da ita. Haka aka zauna, wani lokaci lafiya, wani lokaci da tarzoma kamar ta 1809. Musulmi dai sun haura kashi ɗaya cikin huɗu na mazauna birnin, da yawansu masaƙa ne, kuma su ke saƙa zannuwan siliki na Banaras da amaren Hindu ke ɗaurawa ranar aure.

A 1991, lokacin da rikicin masallacin Babri na garin Ayodhya, wanda shi ma mabiya Hindu ke neman filinsa, ke ƙara zafi, majalisar dokokin Indiya ta yi doka cewa kowane wurin ibada zai ci gaba da zama yadda yake a ranar 15 ga Agusta, 1947, ranar samun 'yancin kai. Amma an cire Ayodhya daga dokar. A wannan shekarar ce kuma wasu mabiya Hindu suka shigar da ƙarar farko a Varanasi suna neman filin Gyanvapi. Aka rushe Babri ranar 6 ga Disamba, 1992, sannan a Nuwamban 2019 Kotun Ƙoli ta ba Hindu filin Babri ɗin. A ganina dokar 1991 hikima ce, domin ta yarda cewa an yi zalunci a baya, amma ta ƙi ɗora wa masaƙin yau alhakin abin da sarki ya yi a 1669. A ƙasar da aka gina haikali a kan haikali, masallaci a kan haikali, in aka ce sai an tono ƙarƙashin kowane gini, ba ranar gamawa.

Ana cikin haka siffar unguwar ta sauya gaba ɗaya. Firaminista Narendra Modi, wanda Varanasi ce mazaɓarsa tun 2014, ya ƙaddamar da wata faffaɗar hanya daga haikalin zuwa bakin kogi ranar 13 ga Disamba, 2021. An saye gidaje da shaguna sama da 300 an rushe, hukumomi kuma suka ce an gano ƙananan haikalai sama da 40 da gidaje suka haɗiye. Masu ziyara sun samu sarari, amma tsofaffin lunguna da yawa sun tafi, masallacin kuma, wanda a da yake ɓoye cikin unguwa, ya fito fili.

A Agustan 2021 wasu mata biyar suka nemi kotu ta ba su damar yin bauta kullum a jikin bangon masallacin na waje. Kotu ta sa a ɗauki bidiyon harabar, kuma a Mayun 2022 lauyoyin matan suka ce an ga linga a cikin tafkin alwala. Kwamitin masallacin, Anjuman Intezamia Masajid, ya ce bututun maɓulɓular ruwa ne. Aka killace wurin alwalar, aka bar sallah ta ci gaba. A 2023 hukumar binciken kayan tarihi ta Indiya ta yi aikin watanni a harabar, rahotonta da ya fito a Janairun 2024 ya ce akwai babban haikali a wurin kafin masallacin, abin da kwamitin ya ƙi amincewa da shi. Ranar 31 ga Janairu, 2024, kotun gunduma ta ba da izinin bautar Hindu a wani ɗaki na ƙarƙashin masallacin ta kudu, aka kuma fara cikin sa'o'i kaɗan. Irin waɗannan ƙararraki suka yaɗu zuwa Mathura da Sambhal da Ajmer, har aka rasa rayuka a Sambhal a Nuwamban 2024. Ranar 12 ga Disamba, 2024, Kotun Ƙoli ta hana ƙananan kotuna rijistar sababbin ƙararraki irin waɗannan ko ba da umarnin bincike, har sai ta yanke hukunci kan ƙarar da ke ƙalubalantar dokar 1991 ɗin kanta.