Kamfen ɗin "Ƙarshen Manhaja" na kamfanin Salesforce

Kamfen ɗin "Ƙarshen Manhaja" shiri ne na talla da kamfanin Salesforce ya ƙaddamar a shekarar 2000 a birnin San Francisco na Amurka, kuma ana yawan kawo shi misali idan ana maganar tallan manhajar kasuwanci ta kafofi da yawa a lokaci guda. Marc Benioff ne ya kafa kamfanin a 1999 tare da Parker Harris da Dave Moellenhoff da Frank Dominguez, bayan ya shafe shekaru 13 yana aiki a kamfanin manhaja na Oracle.

Hajar kamfanin manhaja ce ta kula da hulɗa da abokan ciniki, wadda ma'aikatan sashen sayarwa ke adana bayanan masu saye da ita. A wancan lokaci kamfanin Siebel Systems ne ke riƙe da wannan kasuwa, kuma duk mai son manhajarsa sai ya biya kuɗi mai yawa tun farko, ya girka ta a kan kwamfutocinsa, sannan ya jira watanni kafin ta fara aiki sosai. Salesforce kuwa ya ce mai saye ya buɗe intanet kawai, ya riƙa biyan kuɗin wata-wata gwargwadon yawan ma'aikatan da ke amfani da ita. A kan wannan bambanci ɗaya aka ɗora tallan gaba ɗaya.

Tambarin kamfen ɗin shi ne kalmar manhaja da Turanci a cikin jan da'ira, an ratsa ta da jan layi kamar alamar hana shan taba. Aka buga shi a tallace-tallacen jaridu da shafin kamfanin, ma'aikata suka maƙala shi a riga, har lambar wayar kamfanin aka zaɓa ta yadda haruffanta za su ba da "No Software", wato babu manhaja. Wasu sun soki taken da cewa ai kamfanin ma manhaja yake sayarwa, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai mai saye ya gane abin da ake nufi nan take, domin wahalar girka manhaja da kula da ita ce ta gallabe shi.

Abin da aka fi tunawa shi ne zanga-zangar da kamfanin ya shirya a ƙofar cibiyar taro ta Moscone, inda Siebel ke taron abokan cinikinsa. An ɗauko 'yan wasan kwaikwayo haya suka ɗaga kwalaye suna rera cewa zamanin manhaja ya wuce, har da ayarin 'yan talabijin na bogi da ke ɗaukarsu. Dabarar ta yi tasiri saboda mahalarta taron su ne ainihin mutanen da Salesforce ke nema, ga 'yan jarida kuma sun riga sun hallara, don haka ƙaramin kamfani ya samu labarai a jaridu da kuɗin da bai kai na sayen filin talla a cikinsu ba.

Manhajar kasuwanci ba mutum ɗaya ke yanke shawarar sayenta ba: akwai shugaban sashen sayarwa, da jami'in kwamfutoci, da mai riƙe da asusu, kuma kowa da inda ake samunsa. Shi ya sa kowace kafa ta ɗauki nata aikin. Jarida ta sa shugabanni sun ji sunan, gwajin kyauta a intanet ya bar ma'aikata suka taɓa da hannunsu, tarukan da aka yi birni-birni kuma suka haɗa masu niyyar saye da waɗanda suka riga suka saya. Daga 2003 kamfanin ya fara babban taronsa na shekara-shekara mai suna Dreamforce.

Salesforce ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a watan Yunin 2004. Oracle ya sanar da sayen Siebel a 2005 a kan kusan dala biliyan 5.8, aka kammala cinikin a farkon 2006.