Kuɗin mituwal da ake yanka a albashi: wa ke da ikon ƙara shi, yaushe ake mayar maka?

Ma'aikatan gwamnati da yawa a Yamai sai a takardar albashi suke ganin an ƙara kuɗin mituwal. Wasu su yi shiru, wasu su ce a mayar musu da duk abin da suka zuba tunda ba su yi ciwo ba. Duka biyun ba haka doka ta tsara ba.

Mituwal ta lafiya ba kamfanin inshora ba ce, asusun taimakon juna ne na mambobi, ba don riba ba. A Nijar dokar 2008 ce ta tsara irin waɗannan ƙungiyoyi, sannan UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, ta fito da ƙa'idarta ta bai ɗaya a 2009. Jigon ƙa'idar shi ne babban taron mambobi ke riƙe da wuƙa da nama: can ake tsayar da yawan kuɗin zubi da irin jinyar da asusu zai ɗauka. Ko da sandikarku ce ta kafa mituwal ɗin, sakataren sandika ba zai kwana ya tashi ya ƙara kuɗi shi kaɗai ba. In an ce maka "an yanke shawara", nemi takardar bayanin taron, ka duba ranar da ƙarin ya fara aiki.

Wannan ranar ita ce komai. A ce zubin wata jika 5 ne, taro ya maida shi jika 7 daga watan Afrilu, amma aka fara yanke maka 7 tun Janairu. Jika 6 ke nan aka ɗauka fiye da ƙa'ida, kuma haƙƙinka ne, ba alfarma ba. Rubuta takardar koke, haɗa da takardun albashin watannin uku, ka kai ta hannun wakilinku na sandika, ka ajiye kwafi mai hatimi. Haka za ka yi in an ci gaba da yanka bayan ka fita daga mituwal ɗin.

Kuɗin maganin da ka biya daga aljihunka kuwa, ana mayar da kason da aka amince in ka kawo takardar likita da rasidin farmasi cikin wa'adi. Nan mutane suka fi yin asara, don rasidin yakan ɓace a aljihun riga.

Abin da ba a mayarwa shi ne zubin shekarar da ka yi lafiya lau. Shi ya biya aikin tiyatar abokin aikinka, rarar kuma ta shiga ajiya.

Sai dai akwai tambayar da nake ganin ya wajaba a yi. Tun 1 ga Satumba 2024 gwamnati ta rage rabin kuɗin jinya a asibitocinta. Mituwal ɗin da mambobinta ke zuwa babban asibitin Yamai ko na Lamorde ta samu sauƙi ke nan. A taro mai zuwa, mambobi su nemi a buɗe musu lissafi, a faɗa musu ko za a rage zubi ko za a ƙara magungunan da asusu ke biya.