Ƙarancin Sulalla da Farashinsu a Kasuwar Masu Tarawa

Sulallan tarawa kuɗaɗen ƙarfe ne, na zinariya ko azurfa ko tagulla, da ake saye domin ajiya da sha'awa. A kasuwarsu, wadda ta fi girma a Amurka, sule yana tsada ne gwargwadon yawan irinsa da ya rage a duniya, da yanayin da ya rage a ciki, da kuma yawan masu nemansa. Adadin da gidan buga kuɗi ya fitar tun farko somin-taɓi ne kawai a wannan lissafi.

Ma'aunin inganci

A 1949 William Sheldon ya tsara ma'auni daga 1 zuwa 70 domin tsofaffin sulallan tagulla na Amurka. A lissafinsa, sule mai maki 70 zai ninka mai maki 1 sau saba'in a kuɗi. Kasuwa ta daɗe da watsi da wannan lissafi, amma lambobin sun zauna. Daga 60 zuwa 70 ana nufin sulen da bai taɓa yawo a hannun jama'a ba.

An kafa kamfanin PCGS a 1986, NGC kuma a 1987. Suna tantance sule, su ba shi maki, su liƙe shi cikin roba mai ɗauke da lamba, sannan su riƙa fitar da ƙididdigar yawan da suka gani a kowane mataki. Daga nan aka samu wani nau'in ƙaranci: sulen da ake da dubbai a maki 63 yana iya zama 'yan ƙalilan ne a maki 67, sai tazarar maki ɗaya ta ninka farashi sau da yawa.

Abin da aka buga da abin da ya rage

Narkarwa ce ta fi cinye tsofaffin sulalla. Dokar Pittman ta Amurka ta 1918 ta sa aka narkar da dalolin azurfa sama da miliyan 270. Sulen zinariya na dala 20 na 1933 kuwa an buga 445,500, amma kafin a sake shi gwamnatin shugaban Amurka Roosevelt ta janye zinariya daga hannun jama'a, aka narkar da kusan duka. Ƙwaya ɗaya tak doka ta yarda wani ya mallaka, wadda ake kyautata zaton ita ce ta taɓa shiga taskar Sarki Faruk na Masar. An yi gwanjonta a 2002 kan kimanin dala miliyan 7.6, aka sake a 2021 kan kusan dala miliyan 18.9.

Dalar da ke ɗauke da shekarar 1804 guda 16 aka sani. Ba ma a shekarar aka buga su ba: na farkon an yi su ne wajejen 1834 domin kyauta ga sarakuna, ciki har da Sarkin Maskat da na Siyam. Sulen senti biyar mai hoton Liberty na 1913 guda biyar ne kacal.

Ɓullar ɓoyayyun taskoki

Ƙaranci yana iya rushewa dare ɗaya. Dalar azurfa da ake kira Morgan, wadda aka buga a New Orleans a 1903, ta daɗe a sahun mafiya wuyar samu, domin an ɗauka narkarwar 1918 ta tafi da ita. Sabuwa fil takan kai kimanin dala 1,500. A ƙarshen 1962 baitulmalin Amurka ya buɗe rumbun da ke ɗauke da buhunanta, farashi ya faɗo ƙasa da dala 50, waɗanda suka saya da tsada suka tafka asara. Tsakanin 1972 da 1980 gwamnati ta sake sayar da dalolin azurfa da aka buga a garin Carson City kusan miliyan uku da ke jibge a ma'ajiya.

Haka teku ma. Jirgin ruwan SS Central America da ya nutse a 1857 an gano shi a 1988, aka fito da dubban sulallan zinariya na dala 20 na shekarar 1857, da yawansu kamar jiya aka buga su.

Buƙata

Ƙaranci ba ya tsada sai da masu nema. Sentin Lincoln na 1909 da aka buga a San Francisco, mai haruffan VDB na sunan wanda ya zana shi, an fitar da 484,000, kuma da yawa suna nan, amma yana riƙe da farashinsa saboda duk mai haɗa jerin sentin Lincoln sai ya neme shi. Akwai sulallan ƙasashe da dama da suka fi shi wuyar samu nesa ba kusa ba, amma ba su kai shi kuɗi ba.

Saɓani

Ƙididdigar kamfanonin ba ta cika daidai ba, domin wasu dillalai kan fasa robar su sake miƙa sulen da fatan ƙarin maki, sai a ƙirga shi sau biyu ko fiye. Ana kuma zargin cewa ma'aunin ya yi sassauci da tafiyar lokaci. A 2007 aka kafa kamfanin CAC domin sake duba sulallan da aka riga aka tantance.