Waiwaye: Yadda wayoyin manyan gine-gine suka koma waya ɗaya a Kano

Duk wanda ya taɓa ɗaga silin ɗin wani tsohon ofis a Bompai ko titin Murtala Muhammad ya san abin da ke ciki. Ga siririyar wayar tarho ta zamanin NITEL, ga ta intakom, ga baƙar waya mai kauri ta talabijin, ga ta kyamara da aka ƙara daga baya, duk sun cakuɗe. Kowane ma'aikaci ya zo ya fasa bango, ya ja tasa, ya tafi da taswirar a kansa. Ranar da abu ya lalace, sai an yi cigiyarsa.

Maganin wannan ya samo asali ne a Amurka a 1991, da ƙa'idar TIA-568. Abin da ta ce shi ne kowace mahaɗa da ke bango wayarta ta miƙe zuwa ɗaki ɗaya, kada ta wuce mita 90, a bar mita 10 na gajerun igiyoyin haɗi. A 1995 aka fito da BACnet, yaren da na'urorin sanyaya ɗaki da fitilu ke magana da juna. Amma babban sauyi ya zo ne a 2003, lokacin da aka amince wayar intanet ta ɗauki wuta tare da saƙo, abin da ake kira PoE. An fara da wat 15.4, aka kai 30 a 2009, sannan 90 a 2018. Daga nan kyamara da na'urar Wi-Fi da makullin ƙofa da lasifika suka daina neman soket.

Kano ta jima kafin ta ci moriyar wannan. Wayar salula ta shigo a 2001, intanet kuwa ta faranti ce a kan rufin shagunan kafe, ga tsada ga nawa. A 2010 wayoyin ƙarƙashin teku na Main One da Glo-1 suka fara aiki a Legas, amma sai da faiba, wato wayar gilashi mai ɗaukar saƙo da haske, ta ci kusan kilomita 1,000 kafin ta zo nan, kuma har yau aikin titi da magudanar ruwa na yawan tsinke ta. Shi ya sa babban gini yake bukatar layi biyu daga kamfani biyu, su shigo ta ɓangarori daban-daban. Layi biyu a rami ɗaya, katafila ɗaya ce ajalinsu.

Bukata ma ta sauya. Lokacin da filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya karɓi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, wayar ɗan kallo ta kira ce da tes. Yau kowa hoton bidiyo yake turawa. Rukunin shagunan Ado Bayero da aka buɗe a 2014 ya nuna wa jama'a ginin da kasuwancinsa ke tafiya a kan na'ura, ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kuma ya nuna wa 'yan Kantin Kwari da Sabon Gari cewa in sabis ya ɗauke, ciniki ya tsaya.

A zauren taro, kuskuren da aka fi yi shi ne a sa na'urar Wi-Fi ɗaya mai ƙarfi a tsakiya. Zangon 2.4 GHz, ɗaya daga cikin zangunan rediyo da Wi-Fi ke amfani da su, layi uku kawai gare shi da ba sa shiga juna, 1 da 6 da 11, jikin mutane kuma yana shanye sigina. Zaure fayau gwaji zai yi kyau, ranar biki komai ya tsaya. Abin yi shi ne na'urori da yawa, a rage musu ƙarfi, a tura jama'a zangon 5 GHz, kowace na'ura da wayarta.

To amma da aka tara komai a waya ɗaya, laifin wayar ya zama laifin ginin gaba ɗaya, kuma a nan muke yawan faɗuwa. Kasuwa cike take da kebul mai rubutun Cat6, wato ajin ingancin wayar intanet, wanda cikinsa alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe. A kankare sili ɗaya na cikin kebul ɗin da reza, in fari ya bayyana a mayar wa mai shi. Irinsa yana cin wuta a hanya, yana ɗumi, yana karyewa a mahaɗa. Sannan ga zafi: mita 90 ɗin nan an auna ta ne a digiri 20. A digiri 40 ta koma kamar 84, kuma ƙarƙashin kwano a watan Afrilu ya wuce haka nesa.

Lissafin wuta ma ana sakaci da shi. Suwic, wato akwatin da duk wayoyin ke haɗuwa a cikinsa, mai ƙofa 24 da jimlar wat 370 zai riƙe na'ura 24 masu cin 15.4, amma 12 kacal masu cin 30. Da rana kyamarori za su yi lafiya lau. Da magariba fitilunsu na gani a duhu su kunnu, cin wuta ya ƙaru, wasu su mutu a daidai lokacin da ake bukatarsu. Ɗakin na'urorin kuma dole ya sami inbata da batirin da zai riƙe shi tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareto, ya sami sanyi, da ƙofar da za ta tare ƙurar hunturu, don ita ke toshe fankokin suwic.

Tsakanin gini da gini faiba ake ja, ba jan ƙarfe ba, domin tsawar damina na bin ƙarfe ta ƙona suwic na nan da na can. A cikin suwic kuma a raba hanya: kyamara daban, na'urorin POS daban, Wi-Fi na baƙi daban, a sauya kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita. Harin intanet na 2016 da ake kira Mirai da kyamarorin da aka bari haka aka kai shi. Ƙararrawar gobara dai a bar mata wayarta da batirinta, ta riƙa aiko da rahoto kawai.

Duk wannan tun a zanen gini ake yanke shi, kafin a zuba dekin. A binne bututu masu faɗi, kada waya ta cika fiye da kashi 40 na cikinsu, a nisanta su da wayar wuta, a sa lamba a bakin kowace waya ta kai da ta gindi, sannan kada mai gini ya biya cikon kuɗi sai an miƙa masa taswira da sakamakon gwajin kowace waya.