Waiwaye: Yadda akwatin sa'a ya taso daga Japan har ya iso wayar yaran Nima

Wata maƙwabciyarmu a unguwar Nima ta birnin Akra, mai sayar da koko da ƙosai, ta je wajen mai momo, wato asusun kuɗi na waya, za ta ciri kuɗin wake, aka ce mata abin da ya rage bai isa gwangwanin awo na olonka ɗaya ba. Ta ɗauka 'yan damfara ne, ta kwana tana Allah ya isa. Ashe ɓarawon na cikin ɗaki. Ɗanta ne mai shekara 13, wanda ke karanta mata saƙonnin waya, don haka ya san lambar sirrinta. Da kawunsa ya tsare shi, sai ya ce: "Wallahi Kawu ban taɓa shiga gidan bet ba. Akwati kawai nake buɗewa a gem."

Yaron bai yi ƙarya ba, kuma a nan rikicin yake. Kana cikin wasa a waya ko a PlayStation, sai a nuna maka akwati ko fakitin kati a rufe. Ka biya, ya buɗe da walƙiya da kiɗa, abin da ya fito shi ne rabonka: riga, fentin bindiga, ko ɗan ƙwallo. Galibi tarkace ne. Ba kuma da sidi ake cinikin ba, sai ka fara mayar da kuɗinka lu'ulu'u ko wasu tsabobin cikin wasan, ta yadda kafin a buɗe akwati na 10 lissafi ya ɓace wa babba ma, balle yaro.

Asalin abin daga Japan ne. Can akwai injuna da ake kira gachapon: ka saka tsaba, ka murɗa, ƙwan roba ya faɗo da ɗan abin wasa a ciki, ba ka san wanne ba. A 2004 wasan MapleStory ya ɗauko wannan dabara ya saka a kwamfuta, ana sayar da tikiti a kan yen 100. Bayan 'yan shekaru wasan ZT Online na ƙasar Sin ya nuna cewa za a iya raba wasa kyauta, a ci riba mai kauri daga akwatuna. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: matasan can a shagunan intanet suke wasa, ba sa sayen faifai. Wanda ya san gem senta na Nima da Mamobi, ko na Aboabo a Kumasi, inda yara ke haɗa kuɗi su kama minti 10, ya san irin wannan kasuwa.

Shekarar da ta fi shafarmu ita ce 2009. A watan Maris ɗinta kamfanin EA ya ƙara wa wasan ƙwallonsa FIFA 09 wani sashe mai suna Ultimate Team, inda kake haɗa ƙungiyarka da katunan 'yan wasa da ke fitowa daga fakiti rufaffe. A shekarar ce kuma MTN ya ƙaddamar da momo a Ghana. Ba wanda ya haɗa su a lokacin, amma ɗaya ya kawo hajar, ɗayan ya kawo aljihun da yaro zai iya kaiwa ba tare da katin banki ba. A yau akwai dillalai a WhatsApp: ka tura musu momo, su zuba maka lu'ulu'u, ba mai tambayar shekarunka.

A 2010 kamfanin Valve ya fito da nasa salon a Team Fortress 2: akwatin kyauta ne, makullin ne na kuɗi. A 2013 ya kai salon cikin Counter-Strike, kuma da yake ana iya sayar da fentin bindigar da aka samu, sai shafukan caca suka riƙa karɓarsa a matsayin kuɗi, har Valve ya aika musu takardun gargaɗi a 2016. Shi kuwa EA, a shekarar kuɗinsa ta 2021 sashen Ultimate Team ya kawo masa dala biliyan 1.62. Lokacin da ya fara bayyana yiwuwar samun kowane irin kati a FIFA 19, an ga wasu katunan da ake rububi an rubuta musu ƙasa da kashi 1 cikin 100. Ka kwatanta wannan da zuciyar yaron da ya tashi a layin da Mohammed Kudus ya tashi, yana ganin ɗan unguwarsu ya taka leda a Ajax da West Ham, ga shi kuma a cikin gem. Wa zai gaya masa kada ya gwada fakiti ɗaya?

Hukumomi sun farga a makare, kowacce ta bi tata hanya. Japan ta haramta wani nau'i na gacha a 2012, wanda sai ka tara jerin kaya kafin a ba ka babbar kyauta. Sin ta wajabta bayyana yiwuwar samu a 2017. A Nuwambar wannan shekara wasan Star Wars Battlefront II ya jawo wa EA tofin Allah tsine daga 'yan wasa da kansu, abin da ya ja hankalin 'yan majalisu. A Afrilun 2018 hukumar caca ta Beljiyam ta ce akwatin da ake saye da kuɗi caca ne, kuma a farkon 2019 EA ya daina sayar da tsabobin FIFA a can. Holan ta ɗora wa kamfanin tarar da za ta iya kai yuro miliyan 10, amma a Maris 2022 babbar kotun harkokin mulki ta ƙasar ta soke ta, bisa hujjar cewa fakitin ɓangare ne na wasan gwaninta, ba wasa ne mai zaman kansa ba. A 2019 wata jami'ar EA ta shaida wa kwamitin majalisar Birtaniya cewa su ba sa kiransa akwati, dabarar ba-zata ce kamar ƙwan cakulan na Kinder. Ni dai ban taɓa ganin yaron da ya kwashe jarin uwarsa a kan ƙwan cakulan ba.

Hujjar kamfanoni, waɗanda Birtaniya ta bar su su gyara kansu a 2022, guda ce: caca sai an ci kuɗi, mu kuwa hoto muke bayarwa. To amma a nan Akra ana sayar da asusun gem sukutum, da kayan da ke cikinsa, kamar yadda ake cinikin tsohuwar waya a kasuwar wayoyi ta Sakul. Ko ba a sayar ba ma, abin da ke kama zuciya shi ne bugun ƙirji kafin murfi ya buɗe. Binciken da David Zendle da Paul Cairns suka wallafa a 2018, a kan 'yan wasa sama da 7,000, ya gano cewa masu kashe kuɗi da yawa a akwati su ne suka fi nuna alamun kamuwa da caca. Haramci kaɗai ma bai isa ba: wani bincike na 2022 ya samu 82 cikin wasannin iPhone 100 da suka fi ciniki a Beljiyam suna nan da akwatunansu. Daga baya iska ta sake juyawa. Tun Satumbar 2024 Ostireliya ke yi wa irin waɗannan wasanni tambarin da ke nuna ba su dace da ƙasa da shekara 15 ba, a Janairun 2025 masu Genshin Impact suka amince su biya dala miliyan 20 a Amurka tare da daina sayar wa ƙasa da shekara 16 sai da yardar iyaye, Brazil kuma ta yi dokar hana akwatin a wasannin yara a shekarar.

Mu a Ghana, dokar caca mai lamba 721 ta 2006 ce, wato ta girmi fakitin FIFA da shekara 3. Ta kafa hukumar kula da caca, ta hana wanda bai kai 18 ba, amma an rubuta ta ne da gidan caca da injin jakfot a zuciya, abubuwan da jami'i zai iya garƙame wa kwaɗo ko ya loda a mota. Duk muhawarar da aka sha a kan harajin kashi 10 na kuɗin da aka ci a bet, wanda aka fara a Agustan 2023 aka soke a 2025, a kan shaguna da manhajojin bet ta tsaya. Mai akwatin ba shi da shago a Nima.

Abin mamaki, ma'aunin malamanmu ya fi na lauyoyin Turai kama shi. Ba a buƙatar sai an ci tsabar kuɗi. Ka ba da abu sananne ka karɓi wanda ba ka sani ba, wannan shi ne garari da fiƙihu ya hana, Bahaushe ya ce cinikin biri a sama. Amma huɗubar Juma'a tana ambaton bet da loto, yaro na zaune a sahu yana gyaɗa kai, don a ganinsa ba da shi ake ba.

Kamfanoni kan ce sun tanadi makullin iyaye, sun kuma liƙa gargaɗi tun 2020 cewa wasan na ɗauke da saye na sa'a. Gaskiya ne, kuma uban da ya miƙa wa yaro waya don ya huta da surutunsa yana da nasa kaso. Sai dai a ganina babban nauyi na kan wanda ya zauna ya tsara launi da sauti da ƙidayar "saura awa 2 a rufe", ya san kuma yara na cikin kwastomominsa. Bayansa sai Google da Apple da ke yankar kasonsu a cinikin da ya bi ta shagunansu, sai dillalin da ya ji muryar yaro ya karɓi kuɗin, sai hukumar da ke da ikon cewa kada a sayar wa ƙasa da 18. Gargaɗin da aka rubuta da Turanci a ƙasan allo ba domin mai koko aka rubuta shi ba.

Maƙwabciyar tamu ta canza lambar sirri, ƙaninta ya ranta mata kuɗin wake. Bayan kwana 3 saƙo ya shigo wayar tana tsakar suya, hannunta duk ƙullu, ta ɗaga murya ta kira yaron ya zo ya karanta mata.