GIMP 3 ya fito, in sabunta ko in zauna kan tsohon? Tambayoyin da ake ta yi mini da amsoshinsu

Tun da aka saki GIMP 3.0 a watan Maris na 2025 kusan kullum sai wani ya tare ni da maganar, yaran da ke koyon aiki a shagona, abokan sana'a na wajen babbar kasuwa, har da ɗalibban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo masu zuwa a haɗa musu bangon takardun kammala karatu. Ni dai aikina nan Maradi shi ne haɗa katin biki da na suna, sitika, bandarol, da gyaran hoton katin ɗan ƙasa, kuma da wanga manhaja nake ci nake sha shekara da shekaru, shi ya sa na ce bari in tara tambayoyin wuri guda in amsa iya abin da hannuna ya taɓa.

Maigida, wai mine ne ma GIMP ɗin, kuma da gaske kyauta ne?

Manhajar gyaran hoto ce ta kwamfuta, irin aikin da Photoshop ke yi. Wasu ɗalibbai biyu na jami'ar Berkeley a Amurka, Spencer Kimball da Peter Mattis, su suka fara ta a 1995, yanzu kuma masu aikin sa kai ne daga ƙasashe daban-daban ke riƙe da ita. Kyauta ce ƙwarai, ba ka biyan ko dala, ba wata kwanan gwaji da za ta ƙare a ce ka sa kuɗi, kuma halal ne ka kwafa ka ba wani. Wurin ɗaukowa ɗaya nake ba mutane, gimp.org. Duk wani shafi da ya ce ka fara tura kuɗi ko ka danna nan ka danna can, rufe shi.

Tsohon yana yi mini aiki lafiya lau, me zai sa in taɓa shi?

Wannan tambayar ta fi kowace ma'ana kuma ba na raina mai yin ta. GIMP 2.10 ya fito tun Afrilun 2018, shekara bakwai kenan tsakaninsa da sabon, hannunmu ya riga ya saba da shi har ido rufe mutum ya san inda komai yake. Amma akwai abu uku da suka sa ni kaina na koma sabon, kuma dukansu abubuwa ne da ke cin lokacinmu kullum.

Na farko shi ne babba. A tsohon, in ka ƙara wa hoto haske ko ka dusashe bayansa ko ka sa wa rubutu inuwa, da ka danna ya zauna to ya zauna kenan, ya shige cikin hoton. In ka yi aiki goma a kansa sannan aka ce a rage hasken, sai dai ka yi ta komawa baya kana warware duk abin da ka ɗinka, in kuwa ka riga ka rufe fayil ɗin to sai sabon lale. A sabon ba haka ba ne, kowane gyara yana tsayawa a gefen kalk ɗinsa, wato shimfiɗar nan da muke ɗora hoto kan hoto, za ka ga ƴar alama an rubuta fx, ka danna ta ka ga jerin duk abin da ka sa, ka rage wanga ka kashe wancan ka goge na ukun, ainihin hoton na nan ba abin da ya same shi, kuma ko ka rufe ka dawo bayan sati yana nan yadda ka bar shi muddin a XCF, wato irin fayil ɗin GIMP na kansa, ka adana.

Duk wanda ya taɓa yi wa dangin amarya katin biki ya san abin da nake nufi. Kwanaki wata Hajiya ta zo da ƙanwarta karɓar katin ɗiyarta, na juyo musu da allon, ta sa tabarau ta matso ta ce "ɗana, wanga hasken ya yi yawa, ka mai da mini yarinya kamar ba ita ba, lallen hannunta ma bai fito ba". Da a tsohon ne da na ce su tafi su dawo da la'asar. Ina zaune suna tsaye na danna fx na ja hasken baya kaɗan kaɗan har ta ce "yawwa, tsaya nan", ko ruwan da na aika a sayo musu bai iso ba mun gama.

Na biyu, yanzu kana iya zaɓar kalk da yawa lokaci guda ka ja su tare ko ka rage girmansu tare, ba sai ka bi kana ɗaura musu sarƙa ɗaya bayan ɗaya ba. Na uku kuma rubutu. Da in kana son sunan ango da amarya ya fito da zagayen fari a gefen haruffa sai ka zaɓi rubutun, ka faɗaɗa zaɓin, ka buɗe sabon kalk, ka cika da launi, ka tura shi ƙasa, in aka ce an yi kuskure a sunan sai ka sake duka daga farko. Yanzu zagayen yana cikin kayan rubutun kansa, ka gyara harafi ya bi shi.

To kenan in je in sabunta yau ɗin nan?

A'a, dakata tukuna. Fara duba kwamfutarka. In Windows kake aiki da shi, GIMP 3 sai Windows 10 ko 11, kuma mu nan da yawanmu kwamfutocin gwanjo muke aiki da su, waɗanda aka shigo da su ta Kwatano ko aka sayo Kano, wasu har yau Windows 7 ke kansu. In naka irin wannan ne kar ka wahalar da kanka ka ƙona megabait ɗinka a banza, zauna kan wanda ke yi maka aiki har Allah Ya hore maka wata.

Ko da Windows 10 gare ka, duba ƙarfinta. Gyaran nan da na yaba a sama yana da nasa nauyin, tunda kwamfuta ba ta haɗiye gyaran ba dole duk sanda ka motsa wani abu ta sake lissafa su, to in ka jera biyar shida kan babban hoton bandarol kuma RAM ɗinka giga 4 ne za ka ga tana jan ƙafa, fanka na kuka, balle a watan Afrilu da zafin garin nan. Maganinsa mai sauƙi ne, duk gyaran da ka tabbata ba za ka sake taɓawa ba ka haɗe shi da kalk ɗin, akwai wurin da za ka danna ya koma irin na da.

An ce ƙananan kayan da muke ƙara wa GIMP ba sa aiki a sabon, gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma nan ne mutane suka fi cin karo. Masu manhajar sun sauya ginin cikinta sosai, sun bar Python 2 sun koma Python 3, wato harshen kwamfuta da ake rubuta wasu ƙananan kayan da shi, kuma sun faɗa tun kafin a saki sabon cewa duk fulogin, wato ƙaramin kayan ƙari, da aka rubuta don 2.10 sai mai shi ya sake gyara shi kafin ya hau. Wasu an gyara su, G'MIC misali, mai tarin kayan ƙawata hoto, yana da nasa na GIMP 3 sai dai ka sake ɗauko wanda ya dace. Wasu kuwa masu su sun daɗe da barin su.

Ni abin ya same ni ne saboda gaggawa. Wata lakwal mai zaman kanta ta kawo mini hotunan yara wajen ɗari biyu a rage musu girma a daidaita su don katin makaranta, ina da wani fulogin da ke yi mini su duka a bugu ɗaya, ni kuma daren nan zumuɗi ya ɗebe ni na goge tsohon na sa sabon ban duba komai ba. Da safe na nemi abin nan sama ko ƙasa babu. Haka na zauna ina buɗe hoto ɗaya ɗaya, kuran ya tafi wajen azahar batir ya ƙare, darakta na ta kira, ranar ban ji daɗin kaina ba sam. Saboda haka kafin ka taɓa komai ɗauki biro da takarda ka rubuta duk wani abu da kai ka ƙara da hannunka, ka bincika kowanne ko yana da na sabon. In akwai guda ɗaya da abincinka ya rataya a kansa kuma ba shi da shi, amsarka ta fito.

Burushi da font ba su cikin wannan matsalar, su suna wucewa lafiya.

Tsofaffin ayyukana fa, za su buɗe?

Za su buɗe. Matsalar tana ta ɗaya ɓangaren, fayil ɗin XCF da ka adana a sabon, musamman in ka yi amfani da sababbin abubuwan nan, tsohon yana iya ƙin buɗe shi. Wannan ya shafe ka in kuna musayar aiki da wani, misali kai ka fara a gida yaronka ya ƙarasa a kwamfutar shago, ko kana kai fayil wurin masu bugu su ɗan taɓa wani abu kafin su fitar. Ku yi magana ku sabunta tare, ko kuwa ka riƙa kai musu PNG ko PDF da ka riga ka fitar. Kuma ka kwafe tsofaffin ayyukanka a kile ko wani faifan daban kafin ka fara buɗe su a sabon kana adanawa a kansu.

Ana iya riƙe su biyun a kwamfuta ɗaya?

Ana iyawa, kuma shi nake ba kowa shawara. Kowanne da jakar saitinsa daban, ta tsohon sunanta 2.10 ta sabon kuma lambarsa, kamar 3.0, kuma ranar da ka fara buɗe sabon yana kwaso saitinka daga tsohon. Lokacin sakawa dai ka karanta abin da ke fitowa a allo kar ka yi ta danna gaba gaba, sannan ka ajiye fayil ɗin saka tsohon a kile don ko ta kwana. Aikin kastoma ka yi a wanda ka saba, in kasuwa ta lafa ka buɗe sabon ka yi wasa da shi.

Launin da nake gani a allo ba shi ke fitowa a takarda ba, sabon ya gyara wannan?

Ya rage amma bai kawar ba. Allo da haske yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi, injin bugu kuwa da tawada huɗu, abin da ake ce wa CMYK, shi ya sa koren nan mai ƙyalli da masu bandarol ɗin Maulidi ke so yake fitowa a dushe. GIMP 3 yana iya fitar maka da JPEG ko TIFF a CMYK kuma yana nuna maka kwatankwacin yadda zai fito, amma aikin kansa har yanzu a launin allo kake yin shi. Ni dai har gobe sai na sa an buga mini ɗan guntu na gani da idona kafin a saki mita uku na leda.

Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, suna fitowa daidai yanzu?

Wannan ba laifin tsoho ba ne ba kuma aikin sabo ba ne, maganar font ce. Yawancin font ɗin ado da muke so a katin biki ba su da waɗannan haruffa, shi ya sa za ka rubuta Ɗanladi ka ga harafin farko ya fita daban da sauran ko ya zama akwati. Nemi irin su Noto Sans ko Andika ko Charis, suna da su duka kuma kyauta ne. Abin yana ci mini rai in ga kati mai kyau an rubuta wa mutum sunansa ba daidai ba, mai Ɓaidu a mai da shi Baidu, alhali gyaran na minti ɗaya ne.

Ba gara in nemi Photoshop ɗin nan da ake fasawa ba in huta?

Ba na ba ka wannan shawarar. Kayan wani ne aka ɗauka ba da izninsa ba, wannan ɗaya. Na biyu ba ka san abin da wanda ya fasa shi ya cusa a ciki ba, kuma a kwamfutar nan akwai hotunan matan mutane da katin shaidarsu da suka ba ka amana. In ana turo maka fayil ɗin PSD na Photoshop ne shi ke damunka, sabon GIMP ya fi tsohon iya buɗe su, ko da yake ba kowane ado ne ke zuwa daidai ba.

Wace lamba zan ɗauka, na ga suna da yawa?

Dubi lambar tsakiya. In ta rabu biyu daidai, kamar 2.10 ko 3.0, wannan na aiki ne. In mara ce kamar 2.99 ko 3.1, na gwaji ne, bar wa masu gwaji. Sannan kar ka tsaya kan 3.0.0 na ranar farko in wani ya ba ka shi a kile, an yi ta fitar da gyare-gyare bayansa, 3.0.2 ma sati guda kawai ya biyo baya, ɗauki na ƙarshen da ke kan shafinsu. Nauyinsa ya kai wajen megabait 300, to mutum ɗaya ya sauke da dare lokacin da intanet ta fi sauri ya raba wa sauran, ba sai kowa ya sa jikarsa ba.

To yaushe ya fi dacewa?

Ba a goman ƙarshe na azumi ba, ba ana gobe Sallah ba, ba lokacin komawa lakwal a watan Oktoba ba, ba kuma bayan kaka ba da bukukuwa ke bin juna kowa na son katinsa jiya. Nemi satin da shago ya yi sanyi, tsakiyar damina misali da mutane suka tafi gona. Ka ba hannunka kwana uku zuwa huɗu, don wasu abubuwan sun sauya wuri, ko manna hoto ma yanzu kai tsaye yake zama sabon kalk ba ya tsayawa yana lilo kamar da, ranar farko sai ka ga kamar wani abu ya ɓace alhali sauƙi aka yi maka. Ɗauki wani tsohon katin da ka riga ka miƙa wa mai shi, ka sake haɗa shi daga farko har ƙarshe a sabon, ka fitar ka kai a buga maka guda ɗaya ka ajiye shi kusa da na da ka duba. Ni a shagona kwamfutar da nake zama a kanta ta koma sabon tuni, ƙaramar ta wajen ƙofa da yara ke yin hoton katin ɗan ƙasa kuwa tana nan kan 2.10, kuma ba ni da niyyar taɓa ta bana.