Ba Kowace Ɓacewar Ruwa Ba Ce Laifin Gaskit ɗin Tof

A garejin makanikai da dama a Katsina, da zarar tsohuwar mota mai injin V ta fara shanye ruwan lagireto, ko baƙin mai ya koma kalar shayi mai madara, sai a yanke hukuncin cewa gaskit ɗin tof, wato abin da ke hana yoyo tsakanin jikin injin da murfin da ke saman silindoji, ya ƙone. Wannan kuskure ne da ya daɗe yana cin kuɗin jama'a.

A irin waɗannan injina, kamar ƙaramin V8 na Chevrolet da ya fito a 1955, manifol ɗin shigar iska, wato mararrabar bututun da ke kai iska ga silindoji, yana zaune ne a kwarin da ke tsakanin tof biyu, kuma ruwa yana ratsawa ta cikinsa, don haka idan gaskit ɗinsa ya lalace, ruwan kan zirara kai tsaye cikin mai, ko iska ta kutsa har injin ya riƙa rawa idan yana aiki a tsaye. Kafin a sauke tof, ya kamata a auna matsin kowace silinda, sannan a fesa man wanke kafireta a gefen manifol injin yana aiki. Idan ƙararsa ta sauya, wurin yana shan iska.

Abin da ya fi damuna wajen canza gaskit ɗin manifol shi ne lafta gam ko'ina da ɗaure noti da ƙarfin tsiya. A toshe ramukan shigar iska na tof da tsumma, a kankare tsohon gaskit tas, a sa gam a bangon gaba da na baya na kwarin da kusurwoyinsa, a ɗaure daga tsakiya zuwa waje sannu a hankali, sannan a canza baƙin mai.